Yadda Ake Zaɓen Tukunya da Kayan Aikin Zoɓo da Kunun Zaƙi na Sayarwa

Da zarar watan Sha'aban ya kama, tambaya ɗaya ce ke cika min waya: "Ina so in fara zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, wace tukunya zan saya, kuma me da me zan haɗa?" Wasu amare ne masu neman abin yi a cikin gida, wasu iyaye ne masu neman na cefane, wasu kuma sun riga sun fara da tukunyar miyarsu sai ciniki ya fi ƙarfinta. Ga amsar a wuri guda. Ba haɗin zan koyar ba, kowace mace da hannunta. Maganar kayan aiki ce, da wanda ya kamata ya riga wani shigowa gida.

1. Ki fara ƙirga gorar da za ki iya sanyayawa

Kada ki taka kasuwa sai kin yi wannan lissafin. A Katsina da Daura, daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40, kuma zoɓo ko kunun da bai samu sanyi ba a irin wannan yanayi ba ya kwana lafiya. Saboda haka abin da ke yanke girman tukunyarki shi ne cikin firizarki ko kularki. Ki jera gorunan da babu komai a ciki ki ga nawa suka shiga. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah nawa za ki iya sayarwa a yini. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin lambobin biyu, shi ne aikinki na kullum.

Gorar santilita 50 guda biyu lita ɗaya ce, ke nan gora 40 lita 20. Idan ƙaramar gora ce ta santilita 35, lita 20 za ta ba ki kusan 57. Tukunya kuwa ba a cika ta har baki. Busasshen zoɓo yana cin wuri, yana kumbura, tafasa kuma tana ɗago shi. Ki bar kashi ɗaya cikin uku a sarari. Mai son sauke lita 20 a tashi ɗaya, tukunyar lita 30 take buƙata.

Akwai hanyar rage wannan nauyi. Zoɓo ana iya dafa shi da kauri a lita 10 ko 12, a tace, sannan a sirka da ruwan da aka tafasa ya huce. Da haka tukunyar lita 15 zuwa 20 ta isar wa mai gora 40, ga ragin wuta, ga saurin hucewa.

Gargaɗi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tukunya mai ruwa lita 20 ta haura kilo 20, kuma tafasasshe ne. Kada ki sayi abin da ba za ki iya saukewa ba sai an kira maƙwabta. Wajen sauke tukunya ana iya ƙonewa.

2. Irin ƙarfen tukunya

A nan zan daɗe, domin a nan ake yin asarar da ba a gani da ido.

Zoɓo abu ne mai tsami sosai, ya kusa kamo lemon tsami. Tsami kuwa yana cin wasu ƙarafan. Duk wadda ta taɓa dafa zoɓo a tukunyar alminiyam ta ga alamar: bayan an juye, cikin tukunyar ya yi fes yana walƙiya daidai inda ruwan ya tsaya, daga nan zuwa sama kuma yana nan da dushewarsa, har ka ga layi ya zagaye. Wasu murna suke yi wai zoɓo ya wanke musu tukunya. Ba wanki ba ne. Fatar saman ƙarfen ce ta narke, kuma cikin abin shan ta tafi. In aka daɗe ana yi, sai ƙananan ramuka su fara fitowa a gindin, wata rana ta fara yoyo.

Tukunyar sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ita ce ta zoɓo, da tsamiya, da lemon citta mai lemon tsami. Tsami ba ya kama ta, ba ta sauya launi, ba ta riƙe wari. Ta fi tsada, amma in kuɗinki abu ɗaya mai kyau za su iya saya, wannan ne abin.

Alminiyam ta kamfani, mara nauyin nan, ba laifi wajen tafasa ruwa zalla. Wannan ya sa ta wadatar wa mai kunun zaƙi, tunda a kunun zaƙi aikin tukunya bai wuce tafasa ruwan da za a sheƙa a kan ƙullu ba. In dole ta sa kika dafa zoɓo a cikinta kafin ki samu hali, ki juye shi da zarar kin sauke, kada ya huce a ciki, balle ya kwana.

Tukunyar zubi mai ƙafa uku, wadda maƙera ke narka tsofaffin ƙarafa su zuba, ita ce aka fi kawo min hotonta ana tambaya, saboda tana da araha, ga girma, ga jure itace. Ni dai ba na ba da shawararta ga abu mai tsami. Abin da ake narkawa ya haɗa da tarkacen injin mota da gwangwani da duk abin da 'yan gwangwan suka tsinto, kuma gwajin da aka yi wa irin waɗannan tukwane a ƙasashen Afirka da dama ya nuna wasu na sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Mu nan ba baƙi ba ne ga sunan gubar dalma, mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar haƙar zinare ta zo. Yara ne kuma suka fi sayen zoɓon ƙulli.

Mai fenti, irin fanteka da langa, tana da kyau muddin fentin bai ɓantare ba. Da ya ɓantare baƙin ƙarfen da ke ƙasa ya fito, zoɓo zai yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon tsatsa. Ga shi ba ta son wuta mai ƙarfi.

Tukunyar ƙasa ba ta faɗa da tsami, kuma kakanninmu da ita suka yi. Matsalarta tana shan abin da aka zuba mata, ba ta wankuwa har ciki, ragowar kunun jiya sai ya tsamar da na yau kafin lokacinsa. Don shan gida babu damuwa. Don sayarwa kullum, a'a.

Abu biyu kuma kada su kusanci zoɓo ko da na minti goma ne: bokitin ƙarfe na ɗiban ruwa mai ruwan tutiya a jiki, da duk wani mazubi na tagulla ko jan ƙarfe. Tsami na narkar da su, wanda ya sha kuma zai iya kamuwa da amai da murɗar ciki nan take.

Gargaɗi kan kanwa: masu jefa kanwa don kashe tsami su sani ita ma tana cin alminiyam. Sannan tsamin nan da ake kashewa shi ke taimaka wa zoɓo ya jima bai lalace ba. Zoɓon kanwa ya fi saurin juyawa.

3. Yadda za ki duba ta a kasuwa

A Babbar Kasuwar Katsina akwai masu kayan kicin da yawa, mutanen Daura kuma in za su yi babbar sayayya wasu kan wuce Kano, kasuwar Sabon Gari. Ko ina za ki, ki jefa abu biyu a jaka: tef ɗin tela da ɗan maganaɗisu.

Tef ɗin saboda wannan ne. Za ki ce, "Alhaji, wannan lita nawa ce?" Sai ya ce, "Hajiya, ai lamba talatin ce, tana cinye tiya uku ta shinkafa ba ta ji ba." Ba ƙarya ya yi miki ba, amma lambar tukunya ba lita ba ce, kuma ta wannan kamfani daban da ta wancan. Ki auna faɗin bakin daga ciki da santimita, ki raba biyu, ki ninka abin da ya fito da kansa, ki ninka da 3.14, ki ninka da zurfin, ki raba da 1,000. Kalkuletar waya ta isa. Mai faɗi 30 da zurfi 30 lita 21 ce. Mai faɗi 35 da zurfi 35 ta kusa lita 34. Mai 40 da 40 lita 50.

Daga nan ki kifa ta ki duba gindi. Mai kyau sau da yawa akwai tambarin 304, ko 18/8, ko 18/10. Wannan nau'in yana jure tsami sosai. Akwai 201, ta fi araha, tana aiki, sai dai takan fitar da ɗigon tsatsa in ana barin ruwa na kwana a ciki. Ki manna maganaɗisu a jikin bango, ba a gindi ba, domin gindin wasu an yi masa faifan ƙarfe daban da gangan. In ya kama bangon gam, ba 304 ba ce. In bai kama ba, alama ce mai kyau amma ba hujja ba ce, tunda 201 ma ba ta kama shi. Saboda haka ki haɗa da nauyi: ki ɗaga biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi ta fi kauri.

Ki danna tsakiyar gindin da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo da ƙara, ta yi siriri, za ta banƙare a kan wuta, citta da kanumfarin da suka kwanta a ƙasa su kama su ba ki ƙauri. Ki duba hannuwa: waɗanda aka ɗaure da ƙusa ta ratsa bango sun fi waɗanda aka ɗan ɗiga wa walda. Ki girgiza su da ƙarfi, kada ki ji kunyar mai shago. Ki ɗora murfin ki ga ya zauna daidai, domin murfi mai kyau ragin kuɗin gas ne.

Doguwa ko mai faɗi? Ga zoɓo na fi son wadda zurfinta ya yi daidai da faɗinta. Mai faɗi sosai tana zubar da ruwa ta tururi, ƙamshin citta ya bi iska. Doguwa sosai kuma wuyar wanki, ga saurin kifewa.

Akwai masu famfo a gindi. Suna hutar da ɗaukar tukunya, amma zoɓo da dakakkiyar citta na toshe famfon, kuma in ba a kwance shi ana wankewa kullum, datti na taruwa a ciki. In za ki saya, ki tabbata famfon ma sitenles ne, ba mai ruwan tagulla ba, ki sa a zuba ruwa a gabanki ki ga ko yana ɗiga.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. Tsohuwar tukunyar gidan abinci mai kauri ta fi sabuwa siririya. Abin gudu shi ne duro ko tanki da aka yanke aka yi wa hannu, wanda ba a san me ya taɓa ɗauka ba. Araha ba ta ado.

4. Wutar da za ta ɗauke ta

Tukunya da murhu tare ake zaɓensu. Ƙaramar silindar gas mai kilo 3 ko 6 da ake ɗora tukunya a kanta ba ta dace da lita 20 ba, nauyin ya yi sama, yaro ya gifta ta kife. Ki nemi murhun gas na ƙasa mai ƙafafun ƙarfe, wanda silinda ke gefe da tiyo da regileta. Ki tabbata gindin tukunyar ya zauna a kan ƙafafun duka, ba ya rawa.

Tafasa ruwa lita 20 a rufe kan ci tsakanin rubu'i da sulusin kilo na gas, in wutar shuɗiya ce kuma iska ba ta kaɗa ta. A buɗe, ko a tsakar gida lokacin hunturu, ya fi haka nesa. Ki kare murhun da guntun kwano ko bulo.

Gawayi ya fi araha wajen farawa, kuma kurfoti babba mai ƙarfi ya wadatar. Itace ya fi kowa saurin tafasa babbar tukunya, amma hayaƙi na shiga zoɓo, mai saye kuma yana ji. In da itace za ki yi, murfi ya zauna, ki shafa wa bayan tukunyar sabulu ko jiƙaƙƙen toka kafin ɗorawa don baƙin ya fita da sauƙi.

Gargaɗi: kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Haɗin tiyon gas kuma da ruwan kumfa ake gwada shi, ba da ashana ba. Inda kumfa ta tashi, nan ke yoyo.

5. Markaɗe, tata da ƙananan kaya

Mai kunun zaƙi da kunun aya ba ta rabuwa da markaɗe. Blanda ta gida ba ta jure tiya biyu ta gero kullum, balle aya, sai dai in ƙaramin aiki ne kuma an jiƙa sosai. Yawanci injin unguwa za ki kai. Ki je da sassafe kafin masu tattasai da wake, ki tafi da ruwanki mai tsabta, ki roƙi mai injin ya ɗauraye, farkon abin da ya fito kuma ki tare shi daban. Kunun da ya ɗauko yajin attaruhun wata ko ƙarnin waken wata ba ya gyaruwa.

Tata hawa biyu ce. Na farko rariyar sitenles mai faɗi wadda za ta zauna a bakin bokiti da kanta, ta tare zoɓo da ɓawon abarba ko dusa. Na biyu farin yadi mai laushi wanda ba ya zuba, shi ke tare yashi da garin citta. Zoɓon da aka shanya a ƙasa ba ya rasa yashi, don haka ko kin wanke shi kafin dafawa, ki bar ƙarshen tukunyar, kada ki kwarara duka. Yadin zoɓo daban, na kunu daban. Bayan aiki a wanke, a tafasa, a shanya a rana. Yadin da aka dunƙule da danshi aka jefa a lungu, gobe shi zai lalata miki aiki tun daga tata.

Muciya da ludayi ki sayi sababbi ki ware su. Itace na riƙe manja da daddawa, ko an wanke. Sauran su ne mazurari biyu, jog mai awon lita, buroshin wanke gora, da ƙaramin sikeli. Sikelin nan ana raina shi. Tiya tana auna hatsi daidai, amma zoɓo wani a murƙushe yake wani a buɗe, tiyar yau ba ta jiya ba ce. In kin auna zoɓo da sukari da kilo, ɗanɗanonki zai tsaya wuri ɗaya, kuma shi ke riƙe mai saye.

6. Bokiti da wurin hucewa

Mafi yawan zoɓon da ya lalace, bayan an sauke shi daga wuta ya lalace. Tafasa ta kashe ƙwayoyin cuta, sai bokiti da hannu da ruwan sirki su mayar da su.

Ki kifa bokitin roba ki duba gindinsa, akwai ɗan tambari mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 5 ita ce mai jure tafasasshen ruwa, ita ake so wajen dama kunu. Lamba 2 ma ta abinci ce, ta dace da abin da ya huce ko mai ɗumi. Ki zaɓi fari mai murfi, sabo, domin a fari ne datti ba ya ɓuya. Baƙar roba da ake yi da narkakkun tsofaffin robobi ki bar wa wanki. Bokitin fenti, da jarkar man inji, da duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, babu wankin da ke mayar da su na abinci.

Zoɓo lita 20 a rufe cikin bokiti ɗaya zai yini da ɗumi, ɗumin nan kuma shi ƙwayoyin cuta ke so. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abu ya wuce awa 2 a zafin ɗaki. Don haka ki tanadi babban baho: ki tsoma tukunyar cikin ruwan sanyi, kina juyawa da tsabtataccen ludayi, ruwan bahon ya yi ɗumi ki sauya. Ko ki raba shi a mazubai biyu uku marasa zurfi, ki rufa da yadi saboda ƙuda. Sukari a zuba bayan tata da sauran zafi don ya narke, fileba kuma sai ya huce.

Kunun zaƙi shi daban ne, da gangan ake kwanar da shi bayan an zuba ɗanyen ƙullu da tsiron hatsi ko dankalin Hausa, don ya saki ya yi zaƙi. Bokitinsa ya fi kunun girma, murfin a ɗora kawai ba a danne ba. Da asuba a tace a kai sanyi.

Gargaɗi: in aka bar shi ya zarce, ya fara tsiyayar kumfa da kansa, warinsa ya juya, to ya kama hanyar zama abin da addini ya hana. Ba a gyara shi da ƙarin sukari. A zubar.

7. Gora da leda

Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, ba ta son zafi. In kika ɗura abu da zafinsa za ta motse ta karkace. Sai ya huce sarai.

Na san yawancin masu farawa da tsofaffin goruna suke yi. Ki san daga inda suka fito. Wadda yara suka tsinto a tasha ko bola ko harabar asibiti, ba ki san me aka zuba a ciki ba, wani fetur, wani magani, wani abin da ba ya faɗuwa. Sabuwar gora mai murfin da ke ɗaurewa ana sayar da ita a ƙunshi, kuma kuɗinta a kan mai saye yake komawa, shi kuma ya fi sakin jiki in ya ji murfi ya yi ƙas a hannunsa. In tsohuwa ce daga gidanki ko gidan da kika sani, ki cire takardar, ki wanke da sabulu da buroshi har wuyan da cikin murfi, sannan ki tsoma minti biyu a ruwa lita 10 da aka sa wa bilic marar turare cokali 2 zuwa 3 na cin abinci, in mai ƙarfin kashi 3.5 ne. Ki kife su su tsane sarai.

Gargaɗi: bilic ba ya haɗuwa da abu mai tsami. In ya haɗu da zoɓo ko lemon tsami yana tayar da iska mai shaƙe numfashi. Wurin wanki daban, wurin ɗuri daban.

Wajen ɗuri ki bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a wuya, domin ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin goma, ya fasa murfi. Masu ƙulli a leda kuma, don Allah a daina hura ledar da baki kafin a zuba. A murza bakinta da yatsu ta buɗe, a sa mazurari.

In burinki ki kai kaya manyan shaguna da takardar suna a jiki, wannan ya shiga hurumin NAFDAC, sai ki nemi rajista tukuna.

8. Sanyi

Firiza ta kwance ta fi ta tsaye riƙe sanyi in wuta ta ɗauke, saboda iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, ba ta zubowa in an ɗaga murfi. Kada ki cika ta da goruna masu ɗumi a tashi ɗaya, za su narkar da na jiya. Wadda ba ta da firiza, ko unguwarsu wuta ba ta zama, kula mai kauri da ƙanƙarar saye ita ce mafita, sai ta rage yawan aiki ya zama na yini ɗaya. Ƙanƙarar saye a jikin gora ake jera ta, ba a jefa ta cikin abin sha, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Firiza mai aiki da sola ta fara yawa a gari, amma wannan sayayyar riba ce, ba ta jarin farko ba.

A cikin ukun, kunun aya ne ya fi saurin lalacewa, sa'o'i kaɗan a zafi ya tsinke. Sai kunun zaƙi. Zoɓo ya fi su haƙuri. In sanyinki ba tabbas, ki fara da zoɓo. Gorar da kika ga ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi ƙarar fitar iska da aka buɗe, ta tashi daga abin sayarwa.

9. Wankin farko da gwaji

Sabuwar sitenles tana zuwa da baƙin man gogewa na kamfani wanda ido ba ya gani. Ki ɗiga man gyaɗa a farin ƙyalle ki goge cikin, za ki ga ƙyallen ya yi baƙi. Ki maimaita har ya daina, ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ki tafasa ruwa a ciki ki zubar. Kada ki goge ta da soson baƙin ƙarfe, yana barin burbushin da ke yin tsatsa. Kada kuma ki jiƙa ta da bilic ko ruwan gishiri, suna huda ta. In abu ya kama, ki jiƙa da ruwan zafi ki bi da soson roba.

Kafin ranar ciniki ki yi gwaji da ruwa zalla. Ki zuba lita 20, ki duba agogo ki ga minti nawa ya tafasa, ki auna silinda kafin da bayan in kina da babban sikeli. Ki gwada saukewa, ki gwada juyewa ta rariya, ki ga inda hannu ke gajiya da inda ruwa ke fantsama. Gara ki gano bokitinki ya yi kaɗan da ruwa a hannu da ki gano da zoɓon dubban nairori.

Sannan ki yi ƙaramin haɗi na gaske. Ki bar gora ɗaya a waje, ɗaya a kula, ɗaya a firiza, ki riƙa dubawa kina shinshinawa. Abin da kika gani shi za ki gaya wa yaran da ke kai miki talla da mai shagon da ke ajiye miki.

10. Kuɗi, da abin da zai jira

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin kayan kicin da gas da sukari ba ya zama wuri ɗaya, na wannan wata daban da na wata mai zuwa. Ki taya a shago uku kafin ki biya, kuma in da hali ki yi sayayyar tukunya kafin Sha'aban ya raba, domin azumi na matsowa kaya na tashi. Zoɓo kansa ya fi araha da kaka, wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sabo ke fitowa kasuwannin ƙauye, kuma busasshe yana ajiyuwa a buhu in an ɗaga shi daga ƙasa a ɗaki marar danshi.

Ga yadda zan raba jari in nawa ne. Kaso mafi girma ga tukunyar sitenles ɗaya da kula mai kyau. Sai murhu, in na gida ba zai ɗauka ba. Sai bokitai biyu farare, baho, rariya, yadi, mazurari da sikeli, waɗanda duka a haɗe ba su cika kai kuɗin tukunyar ba. Ki ware kuɗin kayan haɗi da gora na aƙalla kwana uku, kada ki kashe komai a kan ƙarfe ki rasa na sukari.

Kuɗin kayan aiki kuma a cikin gora ake fitar da shi. A ce kin kashe naira 60,000 a kan kaya, kina sayar da gora 40 a yini. In kika cire naira 10 daga kowace gora kika jefa a asusu, naira 400 ke nan kullum, cikin kwana 150 kayan sun biya kansu. Ki lissafa gas, ƙanƙara, markaɗe, ladan ɗan talla da gorar da ta yi kwantai a cikin kuɗin kowace gora, domin su ne ke cinye riba a ɓoye.

Injin liƙe leda, takardar suna mai hoto, babbar blanda, tukunya ta biyu da firizar sola duk za su iya jira. Alamar lokacin tukunya ta biyu ya yi ita ce kaya na ƙarewa kafin la'asar kwana da kwanaki, kuma firiza na da sauran wuri. In firizar ce ta cika, kuɗin ya tafi wajen ƙarin sanyi tukuna.